Kiɗan Rege: Kukan Talaka da Neman Mai Ceto

Karatu: Zabura 137; Irmiya 29:4-14; Zabura 146
Ayar haddacewa: Zabura 146:3

Manufar darasi

Bayan wannan darasi, ana so mai karatu ya san asalin kiɗan rege da ɗansa da ake kira dob, ya gane yadda suka cuɗanya da addini da siyasa, ya kuma iya auna kowace waƙa da ta shiga kunnensa da tambayoyi biyu: a kan me take kuka, kuma ga wa take cewa a dogara?

Gabatarwa

Wanda ya saba bin hanyar Nguru zuwa Gashuwa, ko ya ratsa rairayi zuwa Yusufari, ba zai rasa ganin hoton wani mutum mai murɗaɗɗen gashi har kafaɗa ba, a manne jikin babur ko ƙofar shagon aski, tare da launuka uku: ja da rawaya da kore. Bob Marley ke nan. Ya rasu tun 11 ga Mayu 1981, amma yaran da aka haifa shekaru ashirin bayan mutuwarsa suna ɗauke da muryarsa a cikin wayoyinsu.

Wannan kiɗa ya shigo har cikin ikilisiya. Matasan ƙungiyar mawaƙa sukan ɗora waƙar yabo a kansa, dattawa su ɗaure fuska su ce kiɗan 'yan shan wiwi ne. Matasan su amsa cewa kalmomin da ke cikin waƙoƙin daga Zabura aka ɗebo su. Kowane ɓangare yana riƙe da wani yanki na gaskiya, kuma gardamar ba za ta ƙare ba sai an san tarihin abin da ake gardama a kansa.

Ƙasar da kiɗan ya fito

Jamaika tsibiri ne a tekun Karebiyan, kudu da Kuba. Faɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na Jihar Yobe ba, mutanensa kuma ba su kai miliyan uku ba. Turawan Ingila suka ƙwace shi daga hannun Sifaniyawa a 1655, suka mai da shi gandun rake. Masu noman raken bayi ne da aka kwaso daga Afirka ta Yamma, da yawansu daga gaɓar ƙasar Gana ta yau da kudancin Nijeriya. Har da mutanen cikin ƙasa a cikinsu. Akwai Abubakar Siddiƙ, haifaffen Tumbuktu, wanda yake rubuta wa ubangidansa lissafin kaya da haruffan Larabci, aka 'yanta shi a 1834.

Bayin nan sun ji Littafi Mai Tsarki, amma ba abin da iyayengijinsu suka so su ji kaɗai suka ji ba. Ana karanta musu ayoyin biyayya, su kuwa kunnensu yana kan labarin Musa da Fir'auna, da na Yahudawan da aka kwashe zuwa Babila. A cikin labaran nan suka ga kansu. A farkon shekarun 1780 wani baƙar fata mai wa'azi, George Liele, ya zo daga Amurka ya kafa ikilisiyar Baftis a birnin Kingston, ya kuma laƙaba mata sunan Habasha. A Kirsimetin 1831 wani dikin na Baftis, Sam Sharpe, ya shirya bayi su ƙi aiki sai an biya su lada. Abin ya rikiɗe ya zama tawaye, aka rataye shi a 1832, amma Ingila ta soke bauta a 1834, bayin suka sami cikakken 'yanci a 1838. A 1865 wani dikin kuma, Paul Bogle, ya jagoranci talakawan Morant Bay a kan rashin gona da rashin adalci a kotu, shi ma aka rataye shi.

Mai karatu ya lura da wannan: tun kafin a san wani abu wai shi Rasta, masu bi ne suka fara ɗaga muryar talaka a Jamaika. Daga cikin 'ya'yan 'yantattun bayin nan ne ma wasu suka biyo Hope Waddell zuwa Kalaba a 1846 don aikin bishara.

Yadda sarkin Habasha ya shigo maganar

'Yanci bai kawo gona ko abinci ba. Shekaru kusan ɗari bayan soke bauta, baƙar fata na nan a ƙasan tsani. A wannan hali Marcus Garvey, wanda aka haifa a 1887, ya kafa ƙungiyar ɗaukaka baƙar fata a 1914, yana kira gare su su daina raina kansu, su dubi Afirka. Shi da mabiyansa suna yawan ambaton Zabura 68:31, inda aka yi maganar Habasha za ta miƙa hannuwanta ga Allah. Ƙasar Habasha kuwa ta riga ta zama abin alfahari tun da Sarki Menelik na Biyu ya ci sojojin Italiya da yaƙi a Adwa a 1896.

A ranar 2 ga Nuwamba 1930 aka naɗa Ras Tafari Makonnen sarkin Habasha da sunan Haile Selassie. Daga cikin laƙabobinsa na sarauta akwai Sarkin Sarakuna da Zakin Kabilar Yahuza. Wasu masu wa'azi a Jamaika, musamman Leonard Howell, suka buɗe Wahayin Yahaya 5:5 da 19:16, suka ga laƙabobin sun yi daidai, suka ce Almasihu ya dawo, baƙar fata ne kuma. Daga sunan sarkin kafin naɗi aka samo sunan Rastafari. Hausawa sun ce kama da wane ba wane ba ne. Sarakunan Habasha sun daɗe suna gādon irin waɗannan laƙabobi, kuma Garvey da kansa bai karɓi wannan koyarwa ba. Ya ma soki sarkin da kakkausan harshe bayan ya bar ƙasarsa a 1936, lokacin mamayar Italiya.

Kusan duk kalmomin 'yan Rasta daga Littafi Mai Tsarki suke. Sunan Jah da suke kiran Allah da shi gajeren sunan Yahweh ne, kamar yadda ya fito a Zabura 68:4 cikin tsohuwar fassarar Turanci, shi ne kuma ƙarshen kalmar halleluya. Babila a wurinsu ita ce duk tsarin da ke danne talaka, daga ɗan sanda har banki. Sihiyona kuwa Habasha ce. Barin gashi ba aski sun jingina shi ga wa'adin keɓaɓɓu a Littafin Ƙidaya 6:5. Sun sha wuya ƙwarai a kan bangaskiyarsu. An ɗaure Howell a 1934, 'yan sanda suka rushe ƙauyensa na Pinnacle a 1954, kuma a 1963, bayan wata tarzoma a Coral Gardens, aka kama da yawansu aka yi musu dūka da aski na dole. Sai a 2017 gwamnatin Jamaika ta nemi gafara a kan wannan.

Shi sarkin fa? Kirista ne, ɗan Ikilisiyar Otodoks ta Habasha. Da ya ziyarci Jamaika ranar 21 ga Afrilu 1966, dubban mutane suka mamaye filin jirgin sama har ya jinkirta saukowa. A wata hira da wani ɗan jaridar Kanada a 1967 ya bayyana cewa shi mutum ne mai mutuwa, kada a yi kuskuren ɗaukarsa Allah. A 1970 kuma, da goyon bayansa, aka kafa reshen ikilisiyarsa a Jamaika domin a koya wa mutanen bangaskiyar da shi yake bi. A nan ya yi abin da Bulus da Barnaba suka yi a Listira (Ayyukan Manzanni 14), ya kauce wa abin da ya hallaka Hirudus (Ayyukan Manzanni 12).

Rege da dob: yadda ake yin su

A shekarun 1950 talakan Kingston ba shi da kuɗin shiga gidan rawa, ba shi da garmaho. Sai wasu 'yan kasuwa irin su Coxsone Dodd da Duke Reid suka riƙa jera manyan lasifikoki a fili suna sa faifai, jama'a na rawa. Gasa tsakaninsu ta sa suka fara buga faifan kansu. Daga nan aka sami kiɗan ska mai sauri a wajen lokacin samun mulkin kai a 1962, aka rage masa gudu a 1966, sannan a 1968 sunan rege ya fito a kan wani faifai na Toots Hibbert da ƙungiyarsa ta Maytals. Toots a cikin sujada ya koyi waƙa, kamar mawaƙan tsibirin da yawa.

Abin da ya bambanta rege shi ne inda nauyin kiɗan yake faɗuwa. In aka ƙirga bugu huɗu, ganga takan bar na farko a sake ta dira a kan na uku, ƙaramar jita tana sara a tsakankanin bugun, babbar jita mai kaurin amo kuma ita ce ke jan ragama. A ƙarƙashin wannan akwai gangunan sujadar 'yan Rasta guda uku, waɗanda asalinsu ke komawa ga kiɗan bayi. Shi ya sa ɗan Afirka ba ya jin rege baƙo a kunnensa.

Dob kuwa a ɗakin ɗaukar sauti aka haife shi. A ƙarshen shekarun 1960 aka gano cewa in an sa waƙa ba tare da muryar mawaƙin ba, masu rawa sukan rera ta da kansu. Sai aka fara buga zallar kiɗan a bayan kowane faifai. Wani mai gyaran rediyo, Osbourne Ruddock, wanda aka fi sani da King Tubby, ya kai abin gaba: yana zaune gaban na'urar haɗa sauti, ya cire murya, ya bar ganga da babbar jita, ya sako guntun kalma ta yi ta amsa-kuwwa har ta ɓace. Lee Perry ma ya shahara a wannan fanni. Gurbin da aka bari kuwa bai zauna haka ba. Masu riƙe da abin magana, irin su U-Roy, suka riƙa ɗora nasu zancen a kai. Wani ɗan Jamaika da ake kira Kool Herc ya kai al'adar lasifikokin nan birnin New York, inda daga 1973 ta zama ɗaya daga tushen kiɗan gambarar zamani. A Landan kuma Linton Kwesi Johnson ya riƙa karanta waƙoƙinsa a kan dob, yana bayyana wulaƙancin da baƙar fata ke sha a hannun 'yan sanda.

Dob ya fito da wani abu a fili wanda shi ne zuciyar darasinmu. Kiɗa guda yakan ɗauki waƙoƙi goma ko fiye: wani ya yi addu'a a kansa, wani ya yi yabon jam'iyya, wani ya yi batsa. Mu ma mun san haka. Kalangun da ke yi wa mahauta kiɗa shi ne ke zuwa gidan biki, kuma fiyanon da ake buga waƙar aure da shi a Kano shi ne ake buga waƙar kamfe da ta bishara. Kiɗa ƙwarya ce. Abin dubawa shi ne wanda ya riƙe abin magana da abin da ya zuba a ciki.

'Yan siyasa da mawaƙa

'Yan siyasar Jamaika sun gane ƙarfin wannan ƙwarya da wuri. A zaɓen 1972 Michael Manley ya riƙa yawo da wata sanda da aka ce Haile Selassie ne ya ba shi, magoya bayansa na kiransa Joshuwa, mawaƙan rege kuma na biye da ayarinsa. Ya ci zaɓe. Ba a daɗe ba Max Romeo, ɗaya daga waɗanda suka yi masa waƙa, ya sake wata yana tuna wa Joshuwan cewa talaka na nan inda aka bar shi.

Jam'iyyu biyu na ƙasar suka raba unguwannin talakawa, suka ba samari bindigogi. A Disamba 1976 Bob Marley ya yarda ya yi wasan kwantar da hankali, sai gwamnati ta sa ranar zaɓe kusa da wasan, jama'a suka ɗauka ya zaɓi ɓangare. Ranar 3 ga watan 'yan bindiga suka shiga gidansa suka harbe shi da matarsa da manajansa. Allah ya sa babu wanda ya mutu. Ya yi wasan bayan kwana biyu, sannan ya bar ƙasar. Da ya dawo, a wani babban wasa ranar 22 ga Afrilu 1978, ya kira Manley da abokin hamayyarsa Edward Seaga kan dandamali ya haɗa hannuwansu sama. Hoton ya zaga duniya. Duk da haka, a shekarar zaɓen 1980 an kashe mutane fiye da 800. A 1983 aka jefe mai waƙen dob Mikey Smith har ya mutu, bayan ya ƙalubalanci wani minista a wurin taro.

A waje ɗaya rege ya yi aikin alheri a siyasa. Ya sa matasan duniya suka san wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu, kuma Marley ya yi wasa a bikin 'yancin Zimbabuwe a Afrilu 1980. A waje ɗaya kuma ya nuna iyakar waƙa: tana iya haɗa hannuwan shugabanni na minti ɗaya, ba ta iya karɓe bindigar da suka raba. Wannan ba baƙon labari ba ne a ƙasar Hausa. Sa'adu Zungur da Mudi Sipikin da Gambo Hawaja sun yi amfani da waƙa wajen farkar da talakawa a zamanin NEPU, Ɗanmaraya Jos ya yi wa karen mota waƙa don a ga mutuncinsa. Amma mun kuma ga yadda kowane zaɓe ke zuwa da sababbin waƙoƙi, matasa su yi rawa, wasu su zub da jini, bayan rantsuwa kuma a manta da su.

Farin da ya haɗa Yusufari da Habasha

Akwai wurin da tarihin rege ya gamu da tarihin ƙasarmu kai tsaye. Dattawan Yusufari da Nguru da Gashuwa ba su manta farin 1972 zuwa 1974 ba, lokacin da gero ya ƙone a gona, rijiyoyi suka ƙafe, garkunan shanu suka ƙare a kan hanyar neman ruwa. A shekarun nan ne fari ya faɗa wa lardin Wollo na Habasha. Dubun dubatan mutane suka mutu da yunwa, jami'an gwamnati kuma suka ɓoye labarin, har sai da wani ɗan jaridar Ingila, Jonathan Dimbleby, ya ɗauko hotunan a 1973. Sojoji suka nuna hotunan a talabijin tare da na shagulgulan fada, washegari kuma, 12 ga Satumba 1974, suka tuɓe sarkin. Ya rasu a tsare a Agusta 1975. An gano ƙasusuwansa a harabar fada a 1992, aka yi masa jana'iza a Addis Ababa a Nuwamba 2000.

Ba don a ci mutuncin marigayin ake kawo wannan ba. Ya tsaya gaban Majalisar Ƙasashe a 1936 ya kare ƙasarsa, ya kuma karɓi baƙuncin kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a 1963. Amma mutumin da ake rera wa waƙar sujada a Kingston bai iya saukar da ɗigon ruwa a Wollo ba, bai kuma iya tsare gadon sarautarsa ba. Filin da ya ba baƙaƙen fatar ƙetare a Shashamane a 1948, sojoji sun ƙwace mafi yawansa a 1975. Abin da Zabura 146:3-4 ke gargaɗi a kai ke nan: ɗan adam, ko da sarki ne, numfashinsa yakan fita, shirye-shiryensa su bi shi ƙasa.

'Yan Rasta da yawa sun ƙi yarda cewa ya mutu. Wasu kuma suka sake tunani. Bob Marley kansa ya karɓi baftisma a Ikilisiyar Otodoks ta Habasha ranar 4 ga Nuwamba 1980, watanni shida kafin ciwon daji ya ɗauke shi yana da shekara 36. Judy Mowatt, ɗaya daga mata ukun da ke yi masa amshi, ta zama mai bin Yesu a shekarun 1990, ta ci gaba da waƙa a kan kiɗan da ta saba.

Rege a Nijeriya

Jimmy Cliff ya zo Nijeriya a 1974, amma lokacin da rege ya kama ƙasar sosai shi ne rabin ƙarshe na shekarun 1980. Dalilin a fili yake. An sake yin fari a 1983 da 1984, farashin man fetur ya faɗi, sojoji na mulki, kuma a 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu wanda ya karya darajar naira. Kaset ya yi arha, rediyo na ko'ina. Ƙungiyar Mandators da Ras Kimono suka riƙa rera wahalar talaka. A 1988 Majek Fashek, wanda ya tashi a cikin ikilisiyar Aladura a Benin, ya fito da waƙarsa ta roƙon ruwan sama, Send Down the Rain. Manomin da ke kallon gabas a Yusufari, inda tuddan rairayin Tulo-Tulo ke matsowa kan gonaki, ba ya bukatar a fassara masa irin wannan roƙo. A Kwaddibuwa Alpha Blondy ya yi kira ga zaman lafiya tsakanin Musulmi da Kirista da Yahudawa a faifansa na 1986, a Afirka ta Kudu kuma Lucky Dube ya yi ta sukar wariya.

Ƙarshen mawaƙan nan bai zama iri ɗaya ba. 'Yan fashi suka kashe Lucky Dube a 2007, kamar yadda 'yan bindiga suka kashe Peter Tosh a 1987 da King Tubby a 1989. Majek Fashek ya yi fama da shaye-shaye shekaru da yawa kafin rasuwarsa a 2020. Sonny Okosun, wanda ya yi waƙar Soweto a ƙarshen shekarun 1970, ya koma mai bishara a shekarun 1990. Buchi kuma ya yi suna da waƙoƙin bishara a kan zallar kiɗan rege. A 2018 hukumar UNESCO ta sa rege cikin jerin al'adun duniya da suka cancanci kiyayewa.

Abin da za mu ɗauka da abin da za mu bari

Na farko, kukan gaskiya ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma jikokin bayi sun san zalunci. Annabi Amos ya yi wa masu rage mudu da masu tauye matalauta kashedi (Amos 8:4-6), ya kuma ce Allah ba ya son jin amon waƙoƙin sujada inda babu adalci (Amos 5:23-24). In matashi ya fi jin maganar adalci a bakin mawaƙin rege fiye da kan bagade, ya kamata mu masu wa'azi mu binciki kanmu kafin mu tsawata masa.

Na biyu, begen ya kauce. Zakin Yahuza na Wahayin Yahaya 5 shi ne Ɗan Ragon da aka yanka, kamar yadda aya ta 6 ta nuna. Baƙar fata ba ya bukatar wani almasihu dabam kafin ya sami mutunci. Ma'ajin sarauniyar Habasha ya karɓi baftisma a hannun Filibus (Ayyukan Manzanni 8:26-39), kuma masarautar Aksum ta karɓi bangaskiya tun ƙarni na 4, kafin Ingilishi su ji bishara. Wannan gargaɗi bai tsaya kan 'yan Rasta ba. Duk wanda ya ɗora begensa gaba ɗaya a kan ɗan takara, ko mai kuɗi, ko wani babban mai wa'azi, ya bi hanya ɗaya da su.

Na uku, Babila ba wuri ba ne da jirgi zai fitar da mutum daga cikinsa. Su suna mafarkin dawowa Afirka, matasanmu kuwa suna ratsa Agadas zuwa Libiya don su bar ta. Zabura 137 mun san ta a jikinmu. Bayan harin Damaturu na 4 ga Nuwamba 2011, wanda ya ci rayuka fiye da 100, da abin da ya biyo baya, Kirista da Musulmi da yawa a Yobe sun bar gidajensu. Zaburar ta ƙare da fatan ramuwa mai ɗaci, kuma Allah bai share ta daga Littafinsa ba, domin yana so mu kawo masa fushinmu maimakon mu sauke shi a kan maƙwabci. Amma ga mutanen nan da ke zaman bauta ne Irmiya ya rubuta cewa su gina gidaje, su dasa gonaki, su nemi lafiyar garin da suke ciki, su yi masa addu'a. A yankinmu wannan na nufin dasa itace a gaban hamada, auna hatsi da mudun gaskiya, da ƙin karɓar kuɗin ɗan siyasa don a far wa wani.

Na huɗu, maganar wiwi. 'Yan Rasta suna ɗaukarta abin sujada, suna kafa hujja da Zabura 104:14, ayar da ke magana a kan ciyawar dabbobi da tsiron da mutum ke samun abinci daga gare shi. Ganyen ma 'yan ƙwadago daga Indiya ne suka kai shi Jamaika bayan 1845. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi da gwamnatin Nijeriya a 2018 ya nuna mutane miliyan 10.6 na shan wiwi a ƙasar nan. Bayan kowace lamba akwai uwa mai kuka. Wanda ke rera waƙar 'yanci alhali hayaƙi na mulkinsa bai fita bauta ba tukuna (1 Korantiyawa 6:12, Afisawa 5:18-19).

Tambayoyi don tattaunawa

1. Me ya sa bayin Jamaika suka fi riƙe labarin Fitowa da na Babila? Waɗanne labarai ne talakan garinku ya fi riƙewa?
2. Ta yaya mutane masu karanta Littafi Mai Tsarki sosai suka kai ga kiran sarki Allah? Me zai tsare mu daga ɗaukar aya ba tare da abin da ke kewaye da ita ba?
3. Shin ya dace mawaƙin ikilisiya ya yi wa ɗan takara waƙa? Ku kawo dalilai.
4. Wane aiki ɗaya ne ikilisiyarku za ta yi cikin watanni uku masu zuwa don neman lafiyar garinku?

Kammalawa

'Yan'uwa, ba a hana ƙungiyar mawaƙa kiɗan rege don an same shi a hannun wasu, kamar yadda iyayenmu ba su bar ganga da kacau-kacau a waje ba sa'ad da suka fara rera yabo da Hausa. Abin da ake nema shi ne dattawa su zauna da matasa su saurari kalmomin tare, su tambayi kowace waƙa abin da take kuka a kai da wanda take nunawa a matsayin mai ceto. In kukanta na gaskiya ne, mu karɓe shi, mu kuma yi wani abu a kai. In ta nuna mana ɗan adam ko ganye ta ce nan ceto yake, mu bar mata wannan. Ubangiji ya ba mu kunnen rarrabewa, ya kuma ba ƙasarmu damina mai albarka da zaman lafiya. Amin.